Yadda magoya baya suka toshe ƙofar sulhu tsakanin Atiku da Wike: nazarin zaɓen fitar da gwani na PDP a 2022

A daren Asabar 28 ga Mayun 2022, a babban filin wasa na MKO Abiola da ke Abuja, jam'iyyar PDP ta tsayar da Atiku Abubakar ɗan takararta na shugaban ƙasa. Ya samu ƙuri'a 371, gwamnan Ribas na lokacin Nyesom Wike ya biyo shi da 237, Bukola Saraki 70, Udom Emmanuel 38, Bala Mohammed 20, Anyim Pius Anyim 14. Wata tara bayan haka, ranar 25 ga Fabrairun 2023, Atiku ya sha kaye a hannun Bola Tinubu da tazarar ƙuri'a sama da miliyan 1.8, a zaɓen da jama'a da dama suka yi zaton PDP za ta kai bantenta saboda yadda aka gaji da tsadar rayuwa, rashin tsaro, ƙarancin man fetur da wahalar sabon kuɗi.

Galibi idan ana ba da labarin abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu, mutum biyu ake ɗora wa laifi: a ce Wike ya ƙi karɓar ƙaddara, ko a ce Atiku ya yi girman kai. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma wanda ya bi rigimar mako-mako zai lura cewa sau da yawa mutanen biyu sun zauna, sun ci abinci tare, an fito ana murmushi, sannan kafin gari ya waye wani na kusa da ɗayansu ya furta maganar da ta mayar da hannun agogo baya. A ganina magoya baya ne suka kashe sulhun, tun daga tsofaffin gwamnoni da masu magana da yawu har zuwa sojojin baka na gidajen rediyo da matasan Facebook. Sun mayar da sassauci ya zama abin kunya ga iyayen gidansu, har ta kai babu wanda zai iya ja da baya taki ɗaya ba tare da nasa sun ce ya ji tsoro ba.

Inda wutar ta samo asali

Tsarin mulkin PDP ya tanadi karɓa-karɓa, wato a riƙa juya muƙamai tsakanin shiyyoyi. Muhammadu Buhari, ɗan Arewa, yana gab da cika shekara takwas, don haka gwamnonin Kudu na dukkan jam'iyyu suka yi taro a Legas a watan Yulin 2021 suka ce lallai mulki ya koma Kudu. 'Yan PDP na Arewa kuwa suna da tasu hujjar: karɓa-karɓar jam'iyya ce, ba ta ƙasa ba, kuma a cikin shekara 16 da PDP ta yi tana mulki, Obasanjo ya yi takwas, Jonathan ya yi biyar da ɗoriya, Umaru Musa 'Yar'aduwa bai cika uku ba Allah ya yi masa rasuwa. Kowane ɓangare ya riƙe lissafin da ya yi masa daɗi. Aka kafa kwamitin mutum 37 ƙarƙashin gwamnan Binuwai Samuel Ortom, daga ƙarshe a watan Mayun 2022 jam'iyya ta ce kowa ya fito, tikiti a buɗe yake.

Akwai wani tsohon tabo da ke kan Atiku a wannan batu. A Janairun 2011 shi ne ya kara da Goodluck Jonathan a matsayin ɗan takarar maslaha na Arewa, wanda kwamitin marigayi Malam Adamu Ciroma ya fitar, kuma hujjarsa ita ce karɓa-karɓa. A watan Agustan 2013 yana cikin waɗanda suka fice daga babban taron jam'iyya a dandalin Eagle Square suka kafa sabuwar PDP, wadda gwamnoninta biyar suka koma APC. Bai dawo jam'iyyar lema ba sai Disamban 2017. Mutanen Wike ba su taɓa barin a manta da wannan tarihi ba.

Shi kuma Wike yana ganin shi ne ya yi jinyar jam'iyya lokacin da kowa ya gudu ya bar ta. A rikicin shugabanci tsakanin Ali Modu Sheriff da Ahmed Makarfi, wanda Kotun Ƙoli ta raba a Yulin 2017, yana gaba-gaba a ɓangaren Makarfi. Shi ya tsaya wa Uche Secondus ya zama shugaba, shi ne kuma ya taka rawa wajen tumɓuke shi a 2021, aka kawo Iyorchia Ayu daga Binuwai a ƙarshen Oktoban shekarar. Ayu ya taɓa faɗi a bainar jama'a cewa idan ɗan takara ya fito daga Arewa, zai iya sauka don a samu daidaito. Wannan magana ce ta zama igiyar da aka yi ta ja har ranar zaɓe.

Tun kafin a je filin zaɓe an riga an yi asara biyu da ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Rabiu Musa Kwankwaso ya fice a watan Maris ya koma NNPP. Peter Obi, wanda ya yi wa Atiku takarar mataimaki a 2019, ya ajiye takararsa kwana uku kafin zaɓen ya nufi jam'iyyar Leba. A lokacin abin da aka fi ji daga bakin masu goyon bayan manyan 'yan takara shi ne, ai waɗannan ba su da daliget, su tafi.

Daren da Tambuwal ya dawo kan mumbari

Sabuwar dokar zaɓe ta 2022 ta zo da wani giɓi. Ba ta ambaci daliget na dindindin ba, irin su gwamnoni, 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙamai. Majalisa ta yi gaggawar gyara, amma Buhari bai sa hannu ba kafin lokaci ya ƙure. Saboda haka zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai suka kaɗa ƙuri'a, kusan mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. A Fatakwal a 2018 sama da mutum 3,000 ne suka zaɓi ɗan takara, a wannan karon ba su kai 800 ba. Idan masu zaɓe suka yi ƙaranci haka, darajar kowanne tana tashi, shi ya sa aka yi ta raɗe-raɗin rabon daloli a otal-otal na Abuja, har jami'an EFCC suka bayyana a filin sanye da jajayen rigunansu. Kuma tunda ƙananan hukumomin Arewa sun fi yawa, Kano kaɗai na da 44 alhali Ribas na da 23, duk ɗan takarar da ya haɗe kan daliget ɗin Arewa ya gama.

Matsalar ita ce kan Arewa bai haɗu ba. Yunƙurin maslaha da dattawa ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi suka yi a watan Afrilu ya fitar da Saraki da Ƙauran Bauchi Bala Mohammed, Aminu Waziri Tambuwal ya yi fatali da shi, Atiku kuwa dama bai shiga ba. Wike ya zo Abuja da ƙarfinsa, ya zagaya jihohi, yana da daliget har a Arewa. Da an tafi a haka, ba wanda zai iya rantsewa kan wanda zai yi nasara.

An ba kowane ɗan takara 'yan mintoci ya yi jawabi. Wike ya hau ya yi alƙawarin cewa duk wanda ya ci zai mara masa baya. Tambuwal ya hau ya nemi ƙuri'a kamar kowa, ya sauka. Ana shirin fara kaɗa ƙuri'a sai aka sake miƙa masa makirufo. Ya ce ya janye, kuma yana roƙon magoya bayansa su zaɓi Atiku. Wuri ya kaure da sowa a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren ya yi tsit. Duk wanda ya kalli taron kai tsaye a talabijin ya san a wannan minti aka gama zaɓen, sauran ƙirga ne kawai.

Don a gane zafin abin a zuciyar Wike, sai an tuna 2018. A wancan zaɓe na Fatakwal, Wike ne babban mai ɗaure wa Tambuwal gindi a kan Atiku, inda Tambuwal ya zo na biyu da ƙuri'a 693, Atiku ya samu 1,532. Mutumin da ya tsaya wa jiya shi ne ya kayar da shi yau. A siyasa janye wa wani ba laifi ba ne, kuma Tambuwal yana da 'yancin yin lissafinsa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne abin da ya biyo baya. Bayan taron sai ga wani faifan bidiyo yana yawo, Ayu ya je wurin Tambuwal, ya kama hannunsa cikin fara'a yana gode masa, yana kiran sa gwarzon taro. Shugaban jam'iyya alƙalin wasa ne, bai kamata a gan shi yana murna da ƙwallon da aka zura wa ɓangare ɗaya ba. Daga ranar mutanen Wike suka daina cewa an kayar da su, suka koma cewa an haɗa baki an cuce su. Magoya bayan Atiku kuwa su ne suka fi yaɗa faifan, suna ɗora masa kalaman tsokana.

Kujerar mataimaki da bakunan da suka ƙi yin shiru

Kwana biyu bayan zaɓe Atiku ya taka har gidan Wike a Abuja, aka ɗauki hotuna. Jam'iyya ta kafa kwamitin da zai ba da shawara kan mataimaki, kuma Ortom ya fito daga baya ya ce mutum 14 cikin 17 Wike suka zaɓa. Ranar 16 ga Yuni Atiku ya bayyana gwamnan Delta, Ifeanyi Okowa. Haƙƙin ɗan takara ne ya zaɓi wanda zai iya zama da shi, musamman mutumin da ya ɗanɗana ɗacin rashin jituwa da shugabansa a zamanin Obasanjo. Amma idan ba a shirya ba wa mutum abu ba, ba a sa sunansa a kwamiti a bari duniya ta ji ya fi kowa ƙuri'a. Sannan Atiku ya bar ƙasar na wasu makonni ba tare da ya je ya rarrashi wanda aka ɓata wa ba.

A wannan giɓi ne magoya baya suka karɓe fage. Tsohon gwamnan Neja Mu'azu Babangida Aliyu ya fito talabijin yana nuna cewa halin Wike bai dace da kujerar mataimaki ba. Sule Lamido ya ce babu wanda ya yi wa Wike laifi da za a ba shi haƙuri, kuma ƙuri'un Ribas ba a aljihunsa suke ba. Daga ɗaya ɓangaren Ayo Fayose, tsohon gwamnan Ekiti, ya ce shi dai Kudu yake yi ko da jam'iyyarsa ta tsayar da ɗan Arewa. Wike ya mayar da bikin buɗe ayyuka a Ribas dandalin mayar da martani, kusan kullum, da makaɗansa a gefe suna yi masa amshi duk lokacin da ya jefa baƙar magana. Ya riƙa gayyato jiga-jigan APC suna yanka masa zare. Kowace magana ana yanko ta a faifai na daƙiƙa talatin, kafin la'asar ta zagaye wayoyin ƙasar nan.

Duk da haka an yi ta zama. An haɗu a gidan Farfesa Jerry Gana a Abuja a farkon Agusta. Tawagar Atiku ƙarƙashin gwamnan Adamawa Ahmadu Fintiri ta je Fatakwal. A ƙarshen watan Atiku ya bi Wike da abokansa har Landan, inda a cikin mako guda su Wike suka gana da Tinubu, suka gana da Obi da Obasanjo, sannan suka ci abinci da Atiku. A nan buƙatar ta fito fili, kuma guda ɗaya ce: Ayu ya sauka, ɗan Kudu ya karɓi shugabancin jam'iyya.

Ba a cika mako da dawowa daga Landan ba Ayu ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya ce ba inda za shi, kuma masu neman ya sauka yara ne, lokacin da aka kafa PDP ba a gan su ba. Ya faɗi maganar da Hausa, ga masu sauraron Arewa, kuma a Arewa ta yi wa mutane daɗi. Washegari an fassara ta, tana shafin farko na jaridun Legas. Wike ya mayar masa da zarge-zargen butulci da na kuɗi, Ayu ya musanta. Daga nan magana ta tashi daga daidaiton shiyya ta koma cin mutunci.

Me ya hana Ayu sauka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai a duk lamarin, domin abin da aka nema ba mai tsada ba ne. A lokacin ɗan takara ɗan Arewa ne, shugaban jam'iyya ɗan Arewa, shugaban kwamitin amintattu Walid Jibrin ɗan Arewa, sannan aka naɗa Tambuwal babban daraktan yaƙin neman zaɓe. Ko mai tsananin son Atiku ya san wannan hoto bai yi kyau ba ga jam'iyyar da ta saba samun mafi yawan ƙuri'unta a Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu. Walid Jibrin ya gane haka, ya sauka ranar 8 ga Satumba, Adolphus Wabara daga Abiya ya karɓa. Amma a ranar ce kwamitin zartarwa ya kaɗa wa Ayu ƙuri'ar amincewa.

Hujjar da aka bayar ta doka ce: idan Ayu ya sauka, tsarin mulkin jam'iyya ya ce mataimakinsa na Arewa, Umar Damagum, shi zai gaje shi, don haka sai an kira babban taro an yi gyara, ga zaɓe ya matso. Hujja ce ta gaske, amma 'yan siyasar Najeriya sun warware ƙullin da ya fi wannan a dare ɗaya idan suna so. Abin da ya hana shi ne tunanin da ya yi ƙarfi a sansanin Atiku, cewa idan aka ba Wike kan Ayu yau, gobe wani abin zai nema, kuma mutumin da ya je Landan ya gana da Tinubu ya riga ya tafi. Mai yiwuwa suna da gaskiya game da Wike shi kaɗai. Amma da Ayu ya sauka, da an ƙwace hujjar daga hannunsa. Seyi Makinde na Oyo, Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu, Okezie Ikpeazu na Abiya, da dattawa irin su Bode George da Jonah Jang ba za su samu abin faɗa wa mutanensu ba. An bar masa hujjar, shi kuma ya riƙe ta da kyau. A ranar 21 ga Satumba ɓangarensa ya sanar a Fatakwal cewa ya janye daga kwamitin yaƙin neman zaɓe, kuma daga nan aka fara kiran gwamnonin biyar, wato Wike, Ortom, Makinde, Ugwuanyi da Ikpeazu, da sunan G5.

Abin da ya sauka ƙasa

A Arewa, tun daga teburin mai shayi zuwa shirye-shiryen siyasa na dare a gidajen rediyo, magana ɗaya aka riƙa maimaitawa: Arewa ke da yawan ƙuri'a, Buhari ba ya kan takarda, ƙuri'unsa miliyan goma sha wani abu za su dawo wa Wazirin Adamawa, to me za a yi da Wike? Na ji wannan lissafi daga bakin mutanen da suka san siyasa sosai, ana zaune ana zana jihohi da yatsa a kan benci. Idan wani ya ce to Kwankwaso fa, sai a ce zai janye. Idan ya ce Obi fa, sai a ce a intanet kawai yake da jama'a. Wanda ya dage cewa a je a rarrashi Wike, nan take a ce an saye shi ko kuma ba ya kishin Arewa. Ɗan jam'iyya mai faɗin gaskiya sai ya koma shiru, domin wanda ya fi iya zagi shi ake kira a ba shi na cefane da katin waya.

Nan ne tsarin sojojin baka yake cutar da ubangidan da ake yi wa aiki. Mai wannan sana'a ba ya samu idan an zauna lafiya. Darajarsa tana tashi ne gwargwadon zafin rikici, kuma rahoton da zai kai wa maigida shi ne mai daɗin ji. Haka yake a ɓangaren Wike, inda kwamishinoni, shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin matasa suka riƙa gasar nuna wanda ya fi tsanar Atiku.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Ribas rigimar ta wuce cacar baka. Duk ɗan PDP da ya bi Atiku an ɗauke shi maci amana. A watan Oktoba majalisar jihar ta soke amincewar da ta yi wa Celestine Omehia a matsayin tsohon gwamna, bayan ya koma ɓangaren Atiku. An kai hari gidan Sanata Lee Maeba a Fatakwal a watan Disamba. Abiye Sekibo, jagoran yaƙin neman zaɓen Atiku a jihar, ya ce 'yan bindiga sun buɗe wa motarsa wuta a watan Fabrairu. Gwamnatin jihar ta janye izinin amfani da filin wasa na Adokiye Amiesimaka, ta sake mayarwa, daga ƙarshe aka soke gangamin baki ɗaya. Ɗan takarar PDP bai yi taro a jihar da PDP ta ci kowane zaɓen gwamnanta tun daga 1999 zuwa lokacin ba. Wanda ke kukan an hana shi adalci a Abuja bai yi wa 'yan jam'iyyarsa adalci a gida ba, kuma wannan ba abin da za a yi wa kwaskwarima ba ne.

Mafi muni shi ne yadda rikicin cikin gida ya rikiɗe ya zama na ƙabila. A tsakiyar Oktoba, a taron tattaunawa da ƙungiyoyin Arewa a Gidan Arewa da ke Kaduna, Atiku ya ce abin da ɗan Arewa ke buƙata shi ne ɗan Arewa da ya san sauran sassan ƙasa, ba ɗan takarar Yarbawa ko na Ibo ba. An tafa masa a zauren, a Kudu kuwa maganar ta zama makami a hannun abokan hamayyarsa. A watan Nuwamba, a liyafar da ya shirya wa gwamnonin G5 a Makurɗi, Ortom ya yi kakkausar magana kan Atiku yana danganta shi da Fulanin da yake zargi da kashe-kashe a jiharsa. Ya nemi afuwa bayan 'yan kwanaki, amma faifan ya riga ya shiga kowane zauren WhatsApp a Arewa. Bayan waɗannan maganganu biyu, duk wanda ya kawo batun sulhu sai ya zama kamar yana sayar da mutanensa.

Ko a Arewar ma gidan bai zauna lafiya ba. Bala Mohammed ya rubuta wa jam'iyya takardar koke a watan Nuwamba cewa mutanen Atiku a Bauchi suna yi wa tazarcensa zagon ƙasa. A Kano, jihar da ta fi kowace yawan ƙuri'a a Arewa, PDP ta shafe watanni a kotu kan wane ne ɗan takarar gwamna tsakanin Sadiq Wali da Mohammed Abacha.

Abin da akwati ya nuna

INEC ta bayyana Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. A 2019 Atiku ya samu sama da miliyan 11, kuma ya ci dukkan jihohin nan biyar: Ribas, Oyo, Binuwai, Inugu da Abiya, inda ya tara kusan ƙuri'a miliyan 1.8. A 2023 bai ci ko ɗaya ba, abin da ya samu a cikinsu gaba ɗaya bai kai 450,000 ba. A Ribas ya faɗo daga 473,971 zuwa 88,468. A Inugu daga 355,553 zuwa 15,749. An yi ta jayayya kan sakamakon Ribas tsakanin Tinubu da Obi, amma ta kowane lissafi Atiku na uku ya zo.

Gaskiya ita ce ba duk wannan asara ce aikin G5 ba. Guguwar Obi ce ta share Inugu da Abiya, kuma ta share gwamnonin da kansu: Ugwuanyi da Ikpeazu sun faɗi takarar sanata, haka Ortom a Binuwai. Ko a Delta, jihar Okowa, Obi ne ya yi nasara da tazara mai yawa. Gwamnonin biyar ma ba su bi hanya ɗaya ba, Ortom ya fito fili ya bi Obi, Ribas da Oyo suka tafi ga Tinubu. Amma wannan bai wanke masu cewa ba a buƙatar kowa ba, sai ma ƙara tona su. Halin da ya sa aka raina Wike shi ne ya sa aka bar Obi da Kwankwaso suka fita ba wanda ya bi su. Mutum uku da suke jam'iyya ɗaya a farkon 2022 sun tara sama da ƙuri'a miliyan 14.5 a rarrabe, wanda ya ci zaɓe bai kai miliyan 9 ba.

Lissafin Arewa ma bai fita ba. Atiku ya ci jihohi 12, tara daga ciki a Arewa, amma da yawa da ƙyar. A Sakkwato, gidan Tambuwal, tazarar ba ta kai 4,000 ba, a Katsina ba ta kai 7,000 ba. Tinubu ya ci Jigawa ta Sule Lamido, ya ci Neja ta Babangida Aliyu, ya ci Zamfara da Borno. A Kano Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716. Gwamnonin APC na Arewa sun riƙe wa ɗan takararsu ƙuri'u masu yawa, abin da masu zana taswira a kan benci ba su saka a lissafi ba. APC ma ta yi nata zazzafan zaɓen fitar da gwani a farkon Yunin 2022, inda Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, kuma magoya bayan Tinubu da na Osinbajo sun zagi juna son ransu. Bambancin shi ne bayan zaɓe gwamnoninta sun tsaya wuri ɗaya.

Wata guda bayan faɗuwa zaɓe, mazaɓar Ayu a ƙaramar hukumar Gboko ta dakatar da shi, kotu ta hana shi kiran kansa shugaba, Damagum ya karɓi riƙo a ƙarshen Maris ɗin 2023. Abin da aka ƙi bayarwa a watan Satumba don ceto takara ya tafi a banza ba tare da an samu komai a madadinsa ba. Makinde ya yi tazarce. Wike ya ɗora Siminalayi Fubara a kujerar gwamnan Ribas, a watan Agusta Tinubu ya naɗa shi ministan Abuja yana riƙe da katin PDP, kuma kafin shekarar ta ƙare shi da Fubara sun raba gari. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Tinubu ranar 26 ga Oktoban 2023.

Waɗanda suka fi kowa zafin baki a lokacin yaƙin ba su daɗe a inda aka bar su ba. Daniel Bwala, ɗaya daga cikin masu magana da yawun Atiku, ya zama mai ba Tinubu shawara a 2024. PDP ta fita daga zaɓen 2023 da gwamnoni 13. Ta rasa Edo a zaɓen 2024. A watan Afrilun 2025 Okowa, wanda aka zaɓa aka bar Wike saboda shi, ya koma APC tare da gwamnan Delta Sheriff Oborevwori. Gwamnan Akwa Ibom ya bi su a watan Yuni, na Inugu a Oktoba. Atiku da kansa ya miƙa takardar ficewa daga PDP a watan Yulin 2025, ya shiga haɗakar 'yan adawa da ta zaɓi jam'iyyar ADC.